Neman Mai Sauraro A Garin Mubi

Jama'a masu karatu, a wannan mako filin namu zai nufi gabas ne, can gindin duwatsun Mandara, inda garin Mubi yake zaune a bakin kogin Yedzaram, ba nisa da iyakar Kamaru. Duk wanda ya san cinikin shanu a ƙasar nan ya san Mubi, domin daga kararta ake loda manyan motoci zuwa Kudu kowane mako. Dattawa kuma ba su manta ba cewa ita ce hedkwatar Lardin Sardauna, bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 wadda ta shigo da wannan yanki cikin Nijeriya. Amma yau wata tambaya ce ta kai mu, irin wadda mutane da yawa ke riƙe da ita a ciki, kunya ta hana su furtawa. In zuciyar mutum ta ƙuntata, barci ya ƙaurace masa, ya sha maganin kemis har ya gaji, wurin wa zai je ya zauna ya yi magana, a saurare shi, a kuma taimake shi ya ga mafita?

Mun zaɓi Mubi ne saboda abin da idonta ya gani. A daren 1 ga watan Oktoba na 2012, 'yan bindiga suka shiga unguwar Wuro Patuji, inda ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ke zaman haya, suka yi ta kiran mutane da sunayensu suna kashewa, aƙalla mutum 25 suka halaka. Ran 1 ga watan Yuni na 2014 bam ya tashi a Kabang cikin 'yan kallon ƙwallo. Ran 29 ga watan Oktoba na wannan shekara kuwa, garin ɗungurungum ya faɗa hannun Boko Haram, har suka sauya masa suna. Jama'a suka watse, waɗansu suka hau duwatsu, waɗansu suka tsallaka Kamaru, waɗansu suka doshi Yola, wadda ke nesa da su da kilomita wajen 200, da yawansu a ƙasa. Cikin watan Nuwamba aka ƙwato garin, mutane suka komo kaɗan-kaɗan, kasuwa ta soma ci. Ana cewa an huta, sai ga ɗan ƙunar baƙin wake a Masallacin Madina na Unguwar Shuwa, ran 21 ga watan Nuwamba na 2017, ana sallar asuba, mutum 50 ko fi suka rasu. Ran 1 ga watan Mayu na 2018 aka sake, a wani masallaci da kuma kasuwar gwanjo da ke kusa da shi.

An gyara masallatai da majami'u, an sake rufin shaguna, bankuna sun buɗe ƙofa. Amma akwai ɓarnar da ba a aika magini ya gyara. Yaron da ya hau dutse da ƙafa cikin 2014 yana ɗan shekara 10, yanzu ya wuce 20, watakila ma ya ajiye iyali. Cikin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi cewa a wuraren da yaƙi ya shafa, wajen mutum 1 cikin 5 yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kama daga ƙunci da fargaba har zuwa taɓin hankali sosai, kuma 1 cikin 11 tasa ta wuce a kira ta ƙarama. Mai karatu ya lura, wannan lissafi yana nuna cewa galibin mutane suna farfaɗowa da kansu, da taimakon dangi da sana'a da ibada. Maganarmu a kan sauran ne. Kuma ba sai an ga yaƙi ba: mutuwar aure, da bashi, da zaman kishi, da takardar digiri a ƙarƙashin katifa ba aikin yi, duk suna iya kai mutum wannan hali a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi.

Mutuminmu ba ya zuwa asibiti ya ce zuciyata ce ta ɓaci. Cewa yake kansa na zafi kamar an ɗora masa garwashi, ko gabansa na faɗuwa ba dalili, ko wani abu na yawo a jikinsa kamar kiyashi. Sai a ɗebi jini a ce taifot ne, ya sha magani ya gama, wata mai zuwa a ce gyambon ciki ne, na gaba a koma kan maleriya. Kuɗi na fita, ciwo na nan. Ba ƙarya yake yi ba, zafin kan gaskiya ne, sai dai tushensa ba ya cikin jinin da ake ta aunawa.

A nan sai mu duba al'adarmu, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, watau namiji shi ne mai haɗiye magana. Fulanin Adamawa kuma suna da munyal da semteende, haƙuri da kunya ke nan, kuma da su ake auna cikar mutum. Waɗannan halaye ne na ƙwarai, su suka riƙe gidaje da yawa a lokacin da komai ya rushe. To amma kalmar nan ta “yi haƙuri”, sau da yawa murfi muke yi da ita. Mutum bai gama buɗe baki ba mun rufe masa, mun kawo masa labarin wanda ya fi shi shiga uku, mun yi masa nasiha, mun shafa fatiha, mun tashi. Mu mun sauke nauyi, shi kuwa ya koma gida da kayansa yadda ya zo da su, har da ƙarin jin cewa ƙarancin imani ne ya sa yake kuka. Muna da masu nasiha a kowace unguwa. Masu sauraro ne suka yi mana ƙaranci.

Kafin a fita nema, ya kamata a san su wane ne ma'aikatan wannan fanni, domin jama'a kan haɗa su duka a ce “likitan mahaukata”, sunan da shi kansa ya kori dubban mabukata. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda cikakken likita ne da ya ƙara karatu, shi ke rubuta magani ya kuma kwantar da majinyaci. Ƙungiyarsu ta ƙasa ta sha faɗi cikin 'yan shekarun nan cewa ba su kai 300 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma akasarinsu suna manyan birane. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da aka sani a Arewa maso Gabas yana Maiduguri, kamar yadda ake da na Barnawa a Kaduna da na Kware a Jihar Sakkwato. Akwai kuma masanin halayyar ɗan Adam na asibiti, wanda ba ya rubuta ƙwaya, aikinsa bincike da zance. Sa'an nan ga masu ba da shawara da suka karanci abin a jami'a, waɗanda aka kafa wa majalisar yin rajista da doka cikin 2022, ga ma'aikatan jinya da suka ƙware a kula da masu larurar ƙwaƙwalwa, ga kuma jami'an jin daɗin jama'a. A gari irin Mubi, wanda ya tsaya neman allo a bakin ƙofa mai ɗauke da babban suna zai daɗe yana yawo. Aikin ya kamata ya nema, aikin kuwa yana da alamun da ko wanda bai je makaranta ba zai iya ganewa.

Wanda ya fi kowa fayyace waɗannan alamu wani Ba'amurke ne mai suna Carl Rogers, wanda aka haifa cikin 1902 ya rasu cikin 1987. Ya fara da karatun aikin gona, ya koma makarantar koyon aikin coci, daga bisani ya tsaya a kan ilmin halayyar ɗan Adam, ya yi shekara 12 yana aiki da yara masu matsala a birnin Rochester. A zamaninsa al'adar ita ce gwani ya zauna ya fassara wa majinyaci ransa, kamar mai duba da ƙasa. Rogers ya lura cewa fassarar gwani, komai kyanta, ba ta cika canza kowa ba, amma in aka bar mutum ya bi zaren maganarsa, shi da kansa yakan kai inda ciwon yake. Da Bahaushe ne, da sai ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya tara wannan ra'ayi cikin littafin da ya fitar a 1951, kana cikin 1957 ya bayyana sharuɗɗan da yake ganin sai da su zance ke zama magani. Uku daga ciki suna wuyan mai sauraro ne. Ya zama mutum na gaskiya, ba mai saka rigar aiki yana murmushin kanti ba. Ya karɓi wanda ya zo da mutunci ba tare da sharaɗi ba, ko da abin da ya faɗa abin kunya ne. Ya kuma yi ƙoƙarin ganin al'amarin ta idon mai shi, har ya iya mayar masa da maganarsa yadda mai ita zai ce, haka ne, abin da nake nufi ke nan.

Na biyun nan shi ne mai wuya a gare mu, kuma shi ne aka fi bukata a inda aka yi gudun ceton rai. A irin wannan gudu akwai uwar da ta ɗauki ɗa ɗaya ta rasa hannun ɗaukar na biyu. Akwai wanda ya tsallake maƙwabcinsa kwance yana kiran sunansa. Akwai wanda bai gudu ba, ya zauna ƙarƙashin waɗancan mutane ya yi abin da aka sa shi don ya tsira. Waɗannan ba za su taɓa buɗe baki gaban wanda fuskarsa za ta canza ba. Karɓar mutum ba ita ce halatta duk abin da ya aikata ba; likitan da ke wanke gyambo ba ya fara tambayar ko da gangan aka taka ƙaya.

Amma sauraro kurum yana da nasa aibi, kuma gara a faɗe shi. Attajirin Amurka yana iya zuwa kowane mako har shekara 2 yana zance. Mai sayar da goro a tashar Mubi ba shi da wannan lokaci, ba shi da wannan kuɗi, kuma in ya zo sau 3 bai ga inda aka dosa ba, ba zai sake zuwa ba, ni kuwa ba zan ga laifinsa ba. Saboda haka ne waɗansu masana suka ɗaura wa sauraron linzami, watau manufa. Daga cikinsu akwai Steve de Shazer da matarsa Insoo Kim Berg, waɗanda suka buɗe cibiyarsu a birnin Milwaukee cikin 1978. Su ba su cika tonon yadda ciwo ya faro ba. Tambayarsu ita ce: in abin nan ya yi sauƙi, me za ka fara gani wanda zai nuna maka? Wace rana ce cikin makon jiya abin bai yi tsanani ba, kuma me ya bambanta ta da sauran? In 0 ita ce ranar da ka fi shan wuya, 10 kuma ita ce lafiya lau, yau kana ina?

Alal misali, mu ɗauka ga wani ɗan kasuwa wanda tun tashin bam na 2018 ƙafarsa ba ta iya shiga cikin kasuwa. Yaronsa yake aikawa, ciniki na lalacewa, iyali na ganin lalaci ne. Mai nasiha zai ce masa, Alhaji, ajali ba ya wuce ranarsa, ka daure ka koma. Ya san da haka sarai, sanin bai hana gwiwarsa rawa ba. Mai sauraro na ƙwarai zai bar shi ya faɗi abin da yake gani in ya rufe ido, gwargwadon yadda yake so ya faɗa, ba tare da an matsa masa ba. Sa'an nan ya tambaye shi, Alhaji, me kake so ya canza kafin damina? In ya ce so nake in zauna a shagona da kaina, to manufa ta samu, kuma daga bakinsa ta fito. In ya ce yau yana kan 3, ba za a tambaye shi yadda zai kai 10 ba, sai a tambaye shi me ya hana shi zama a 0, kuma me zai kai shi 4. Watakila a makon farko ya raka yaronsa har bakin titi ya komo. A na biyu ya tsaya a ƙofar kasuwa da sassafe, kafin cunkoso, tare da amininsa, yana jan numfashi a hankali yadda aka koya masa har bugun zuciya ya lafa. A na gaba ya zauna a shago rabin sa'a. Kowane mako a zauna a duba abin da ya yiwu da abin da ya gagara, a gyara taku.

Wani zai ce wannan aikin manyan masana ne, ina Mubi ina su? Amsar ta zo daga ƙasashe masu talauci irin namu. A Zimbabwe akwai likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda, wanda wata majinyaciyarsa ta kashe kanta a ƙauye saboda iyayenta sun rasa kuɗin motar da za ta kai ta wurinsa a Harare. Duk wanda ya san kuɗin mota daga Mubi zuwa Yola, ta Hong da Gombi da Song, zuwa da komowa, ya san wannan labari ba na nesa ba ne. Cikin 2006 Chibanda ya fara da tsofaffin mata 14 a unguwar Mbare, ya koya musu sauraro da warware matsala taki-taki, ya ajiye musu benci na katako a harabar ƙananan asibitoci. Zama 6 ake yi, da harshen Shona, kuma ciwon ma da sunan gida suke kiransa, kufungisisa, watau yawan tunani. Da aka gwada abin cikin 2016 a kan mutum 573, bayan wata 6 aka sami wajen kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin suna da sauran alamun ciwon ƙunci, alhali kuwa cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba, rabi ne cur. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata tsari cikin 2016, mai suna PM+, wanda aka gwada a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya: zama 5, mako-mako, kowanne minti 90, a hannun wanda ba likita ba amma an horar da shi, ana kuma duba aikinsa. Abin da ke ciki bai wuce sarrafa numfashi, da rarrabe matsalar da za a iya warwarewa daga wadda ba za a iya ba, da komawa ga ayyukan yau da kullum, da ƙarfafa zumunci.

To, ta ina mutumin Mubi zai fara? Ƙofar farko ita ce babban asibitin gari ko ƙaramin asibitin unguwa, don dalili 2. Na ɗaya, a tabbatar ba ƙarancin jini ko hawan jini ko ciwon maƙoƙo ke kawo faɗuwar gaban ba. Na biyu, tun 1991 manufar ƙasa ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci, kuma bayan rikicin nan an horar da ma'aikatan lafiya da dama a Arewa maso Gabas kan gane irin waɗannan larurori. Amma sai ka faɗa da bakinka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka ce, ba na barci, tunani ya yi mini yawa, akwai wanda aka horar a nan da zan zauna da shi mu yi magana? Ɗalibin Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, ko na kwalejin fasaha, ya fara tambaya a ofishin kula da harkokin ɗalibai. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda hedkwatarta ke Kwarhi kusa da Mubi, wadda ita ma aka mamaye ta ran da garin ya faɗi, ta shiga shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya tun 2015. Hukumar kula da ƙaura ta duniya ta tura ayarin masu irin wannan aiki zuwa Borno da Adamawa da Yobe cikin shekarun rikicin, Dokta Fatima Akilu kuma ta kafa Gidauniyar Neem wadda ta riƙa kai masu ba da shawara har cikin unguwanni a Borno. Sai dai aikin ƙungiyoyin agaji da kuɗin baƙi yake tafiya, kuma da Amurka ta zabtare agajinta cikin 2025 ayyuka da yawa sun tsaya a yankin. Saboda haka kafin ka buɗe cikinka, ka tambaya ko wanda ka fara da shi zai kasance nan har ku gama. Akwai kuma masu yin wannan aiki ta waya daga Abuja ko Legas, amma galibi da Turanci ne, kuma wanda ke zaune a gidan haya mai ɗaki ɗaya ya fara tunanin inda zai tsaya ya yi maganar da ba ya so bango ya ji.

In an sami mutumin, zaman farko na gwaji ne, kai ma kana auna shi kamar yadda yake auna ka. Ba rashin ladabi ba ne ka tambaye shi inda ya koyi aikin, da wanda ke duba aikinsa, da yawan zaman da yake tsammani, da abin da za a biya. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Ka tambaye shi batun sirri, kuma amsar da ta dace ita ce ba mai jin maganarka, ko mijinki ko mahaifinka ko maigidanka na ofis, sai fa in ran wani ko naka yana cikin haɗari. Wannan batu na sirri ya fi nauyi a ƙaramin gari, inda nas ɗin da ke gabanka watakila surukar maƙwabcinka ce. Haka batun harshe. Mubi gari ne na Fali da Gude da Njanyi da Margi da Higi da Fulani da Hausawa, kuma tsohuwar da ke ciniki da Hausa ba lalle ne da Hausa take kuka ba. In sai da tafinta, kada ya zama ɗanta ko ɗan unguwarsu. Mace kuma tana da ikon ta ce mace take so, magidanci mai hankali kuwa ya kawo ta ya jira a waje.

Bayan an tashi, ka tambayi kanka: wa ya fi yin magana, ni ko shi? Ya tambaye ni abin da nake so ya canza, ko shi ya yanka mini? Na fito da wani ɗan abu da zan gwada kafin mako mai zuwa? Masu bincike a wannan fanni sun daɗe da gano cewa jituwar da ke tsakanin mutanen biyu, da yardarsu a kan inda aka dosa, tana cikin manyan abubuwan da ke nuna ko za a ci nasara. In an yi zama 3 ko 4 ba ka ji ana sauraronka ba, ka faɗa masa, in bai gyara ba ka nemi wani. Wanda ya yi maka alkawarin warkewa a zama ɗaya, ko ya nuna maka kishiya ko maƙwabci ya ce ga mai yi maka, ko ya tilasta ka tsara duk abin da ka gani dalla-dalla tun ranar farko, ka ɗauki takalminka. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi game da tara mutanen da masifa ta auka wa, a sa su amayar da labari a zama ɗaya a sallame su, domin ba ya warkarwa, wani lokaci ma fama ciwon yake yi. Sarƙa da mari da bulala kuwa ba sa cikin magani ko kaɗan. Ƙasar nan ta ga abin da ’yan sanda suka fito da shi daga wani gida a Rigasa ta Kaduna cikin watan Satumba na 2019, mutum wajen 300, da yawansu da ƙarfe a ƙafa.

Kada wani ya ɗauka muna cewa a bar malamai da fastoci. A Mubi, kamar ko'ina a Arewa, su ne ƙofar da aka fara bugawa, kuma haka za a ci gaba. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu cikin 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, ya ce na farko da zance da gyaran tunani ake jinyarsa, na biyun kuwa yana bukatar a haɗa da maganin jiki. A ƙasar nan ma, Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda ya kafa tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta cikin 1954, ya zaunar da majinyata cikin ƙauyuka tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Mai sauraro na ƙwarai zai tambaye ka abin da addu'a ke yi maka, ya gina a kai. Malami ko fasto na ƙwarai kuma, in ya ga an yi wata da watanni abu na gaba, shi zai ce a je asibiti.

Akwai kuma inda zance kaɗai bai isa ba, kuma a nan ba a jinkiri. Wanda ke jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya kwana 3 ko 4 bai runtsa ba yana ta surutu da rabon dukiya, ko mai jego da ta rikice ta ƙi jaririnta, ko saurayin da tiramol ya riƙe har yana faɗuwa, likita suke bukata, ko da za a kai su Yola ko Maiduguri. Wanda ya ce ya gaji da duniya, gara ya mutu, kada a ce masa ya daina saɓo a wuce. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta saka wa mutum wannan tunani. A kawar da maganin ƙwari da fiya-fiya da igiya daga kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Haka nan zance ba ya mayar da shagon da aka ƙone. Sau da yawa manufar da za a sa a gaba ita ce yadda za a shiga adashi, ko a tunkari ɗan'uwa a nemi jari, kuma mai sauraron da ya raina irin wannan manufa bai san inda yake aiki ba.

Saura magana ga hukuma. Cikin watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa mai wannan larura mutuncinsa da sirrinsa. Doka tana Abuja a rubuce, mabukaci yana Kabang da Wuro Patuji. Horon PM+ kimanin kwana 10 ne a aji, sai aiki ƙarƙashin kulawar wanda ya ƙware. Mubi tana da jami'a, tana da malaman makaranta da ungozomomi da suka yi ritaya, masu jin harsunan ƙasar, tana da inuwar darbejiya a harabar asibitocinta, benci kuwa kafintan unguwa zai haɗa shi a yini ɗaya. Abin da ya rage shi ne a sa alawus ɗin masu zama a kai cikin kasafin kuɗi, a kuma naɗa wanda zai riƙa zagayawa yana duba aikinsu kowane wata. Muna so mu ji abin da Ma'aikatar Lafiya ta Yola da shugabannin ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu za su ce a kan wannan. Duk amsar da suka aiko za mu buga ta a wannan fili.